Kamfas, Igiya da Dutse: Yadda Maginan Turai Suka Rufe Manyan Majami'unsu

 

An nemi in yi magana a kan rufin dutse na manyan majami'un Turai, waɗanda aka gina daga ƙarshen ƙarni na 11 zuwa farkon na 16. Wanda ya shiga babbar majami'ar Amiens a Faransa ya ɗaga kai, zai ga rufi a tsayin mita 42, an haɗa shi da ƙananan duwatsu, babu ko ɗaya a cikinsu da ya kai daga wannan bango zuwa wancan. Babu siminti irin namu, sai kwaɓin farar ƙasa da yashi, wanda yakan daɗe bai ƙanƙame ba. Mutanen da suka yi aikin ba su san aljabara ba, yawancinsu da lambobin Rumawa suke ƙirga. To ta yaya babban magini ya san siffar kowane dutse tun yana ƙasa, kafin a ja shi sama da igiya? Amsar da zan kare yau ita ce, zane suka yi a ƙasa, da kamfas da igiya da miƙaƙƙen katako, a ainihin girman ginin, kuma wannan zanen shi ne ya tsayar da rufin har yau.

Bari mu fara sanin abin da muke magana a kai. Doguwar majami'a an raba ta sashe-sashe, kowane sashe yana tsakanin ginshiƙai huɗu. Daga kan kowane ginshiƙi bakunan dutse sirara suke tashi, su ake kira haƙarƙari. Wasu suna tsallaka faɗin ginin, wasu suna bin bango, biyu kuma suna tafiya daga kusurwa zuwa kusurwa su gitta juna a tsakiya, inda ake sa wani babban dutse, cibiyar rufin. Tsakanin haƙarƙarin ana cikewa da duwatsu marasa kauri. Can sama da wannan duka akwai wani rufin dabam na katako da darma, shi ke tare ruwan sama. Rufin dutsen ado ne, kuma garkuwa ce daga wuta, domin gobara ita ce babbar abokiyar gabar waɗannan gine-gine.

Gobarar ce ma ta bar mana labari mafi cika na yadda ake aikin. A shekarar 1174 wuta ta cinye gabashin majami'ar Canterbury a Ingila. Wani malamin coci na wurin mai suna Gervase ya rubuta abin da ya biyo baya shekara bayan shekara: an ɗauko magini daga Faransa, William na garin Sens, ya sa aka kawo dutse ta ruwa daga Caen, ya ƙera na'urorin sauke shi daga jirgi, sannan ya raba wa masassaƙa samfuran da za su bi wajen sassaƙa. Ku riƙe maganar samfuran nan. A 1178 katakon da William ya hau ya karye, ya faɗo daga sama, ya ci gaba da ba da umarni daga kan gado har ya gaji ya koma gida, wani William ɗin, Ba'ingile, ya ƙarasa.

Yanzu ga matsalar da ta sa aka nemi dabara. Mu ɗauki sashe mai faɗin mita 8 da tsawon mita 6. Daga kusurwa zuwa kusurwa zai ba mu mita 10. Bakan da Turawa suka gada daga Rumawa rabin da'ira ne, tsayinsa kullum rabin faɗinsa. Saboda haka bakan kusurwa zai tashi mita 5, na faɗi mita 4, na jikin bango mita 3. Kawunansu ba za su haɗu a tsayi ɗaya ba. Rufin zai kumbura a tsakiya ya faɗa a gefe, tagogi su gajarce, ciki ya yi duhu. Magina na farko sun yi ta kwaskwarima: su ɗora gajeren baka a kan ƙafa miƙaƙƙiya don ya ƙara tsayi, ko su danne dogon ya kwanta. Na farko yana karkatar da duwatsun cikewa, na biyu yana ƙara tura bango waje.

Baka mai tsini ne ya warware wannan. An yi shi da yanki biyu na da'ira da suka jingina da juna a sama, saboda haka tsayinsa bai rataya ga faɗinsa ba. Kana iya ba shi tsayin da ka ga dama. Ga yadda magini zai yi, kuma duk wanda ya riƙe kamfas a makarantar sakandare zai iya bi na. Ka ja layi a ƙasa, shi ne matakin da bakan zai tashi. Ka sa alama inda ƙafar bakan take, ka sa wata inda kake son kansa ya kai. Ka haɗa alamun biyu da miƙaƙƙen layi, ka raba shi biyu da kamfas, daga tsakiyarsa ka ja wani layin da zai gitta shi a daidai. Inda wannan layi ya sauka a kan layin farko, nan za ka kafa ƙusa, ka ɗaura igiya, ka zana bakan. Da mu ne da alƙalami, sai mu ce baka mai faɗin mita 8 da tsayin mita 5 yana bukatar igiyar mita 5 da santimita 12 da rabi. Shi maginin bai taɓa jin wannan adadi ba, kuma ba ya bukatarsa. Ƙusar ta riga ta zauna inda ya kamata.

Akwai hanya ta biyu, wadda ni ta fi burge ni saboda tattalin da ke cikinta. Ka bar igiyar a mita 5, tsawon da ka zana bakan kusurwa da shi, ka zana sauran bakunan duka da ita ba tare da ka ƙara ko ka rage ba. Bakan faɗi zai tashi kusan mita 4.9, na bango kusan 4.6, na kusurwa 5. Bambancin da a dā ya kai mita 2 ya koma ƙasa da rabin mita. Ribar kuma ita ce, tunda lanƙwasar iri ɗaya ce, samfuri guda ya isa a sassaƙa dukan duwatsun haƙarƙari, makarin katakon da ke tallafe baka yayin gini shi ma ana iya kwance shi a kai gaba. A aikin da zai ci shekara arba'in da ɗaruruwan ma'aikata, wannan kuɗi ne mai yawa.

Majami'ar Durham a arewacin Ingila, wadda aka fara a 1093 aka gama rufinta a 1133, tana cikin manyan gine-gine na farko da aka rufe da haƙarƙari daga farko har ƙarshe. A babban zaurenta bakunan kusurwa rabin da'ira ne, na faɗi kuma masu tsini, daidai da lissafin da muka yi yanzu. A nan sai in ɗan ratse. Baka mai tsini ya riga Durham da ɗaruruwan shekaru a ƙasashen Musulmi; yana nan a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira da aka gama a 879, haƙarƙari masu gitta juna kuma suna ƙubbobin masallacin Kurɗuba tun wajen 965. Har littafin Uƙlidis na jometiri daga Larabci Adelard na garin Bath ya mayar da shi Latin a ƙarni na 12. Masana suna ta muhawara a kan hanyar da waɗannan abubuwa suka bi zuwa arewacin Turai. Abin da Turawan suka ƙara da kansu shi ne haɗa baka mai tsini da haƙarƙari da madogari na waje su zama tsari ɗaya, har bango ya koma gilashi.

Kada kuma a ɗauka maginan nan ɗaliban Uƙlidis ne. 'Yan rubuce-rubucen da suka bari sun nuna wani abu dabam. Kundin zane na Villard de Honnecourt, na wajen 1230, wanda ganye 33 suka rage daga cikinsa a ɗakin karatu na ƙasa da ke Paris, cike yake da dabaru: yadda za ka gano tsakiyar da'ira daga alamu uku, yadda za ka auna abin da hannunka bai kai ba. Ɗan littafin da Mathes Roriczer, maginin majami'ar Regensburg, ya buga a 1486 umarni ne kawai, mataki bayan mataki. Zana murabba'i, haɗa tsakiyar ɓangarorinsa ka sami ƙarami a ciki, juya shi, sake yi, daga nan ka ɗauki kowane awo. Babu hujja, babu dalili. Ilimi ne na yi kaza sannan ka yi kaza, yaro yana karɓarsa daga maigidansa a shekarun koyo.

A ina suke wannan zanen? A York da Wells, duka a Ingila, ɗakunan zanen sun tsira. Na York yana saman mashigar zauren shawara, na Wells yana saman ƙofar arewa. Daɓen filasta ne, cike da dubban layuka da aka karta da tsinin ƙarfe, wani a kan wani. Sabon layi fari ne tas, yana fitowa a kan tsofaffin da ƙura ta dusashe, shi ya sa ake ta zane a daɓe ɗaya shekara da shekaru. A Clermont-Ferrand ta Faransa a kan shimfiɗaɗɗen dutsen saman ginin aka karta. Daga zanen kafinta yake yanko samfuri na siririn katako, masassaƙi ya ɗora a kan dutse ya bi gefensa. Kamar dai tela ne: a shimfiɗe yake yanka yadi, sai an ɗinka an sa a jiki riga take samun cikarta.

Mutumin da ya fara tono wannan sirri a zamanin baya-bayan nan shi ne Robert Willis, farfesa a Cambridge, wanda asalin fanninsa injuna ne. A maƙalar da ya buga a 1842 ya nuna cewa maginan ba su zana rufin a matsayin jiki mai tsawo da faɗi da zurfi ba. Zane iri biyu kawai suke yi, dukansu a shimfiɗe: taswirar haƙarƙarin kamar ana kallonsu daga sama, sai lanƙwasar kowane haƙarƙari shi kaɗai. Willis ya hau saman rufuna, ya duba duwatsun gine-ginen da ake rushewa, ya ga layukan da masassaƙa suka karta a fuskokin da ba a yi don ido ya gani ba. Daga su ya karanto matakan aikin.

Wuri mafi wuya shi ne gindin rufin, inda haƙarƙari biyar ko bakwai ko fiye suke fita daga kan ginshiƙi ɗaya, a cuɗe, kowanne da inda ya nufa. Ba a sassaƙa su ɗaya-ɗaya a nan. Manyan duwatsu ake jerawa a kwance, an cusa su cikin bango, kowane dutse yana ɗauke da dukan haƙarƙarin. Masassaƙi zai daidaita saman dutsen da ƙasansa, ya karta layin kowane haƙarƙari daga taswira, ya duba zanen lanƙwasa ya ga nawa kowanne ya matso a wannan tsayi, ya ɗora samfuri a nan sama da can ƙasa, ya zagaye, sannan ya sare abin da ke tsakani da ido da hannu. Da haka siffar da ko kwamfuta sai ta yi aiki kafin ta fitar, ta fito daga layuka miƙaƙƙu da samfuri guda. Wannan gindi yana tsayawa da kansa ba makari, yana rage faɗin da ya saura a rufe.

Sauran aikin kuwa Rodrigo Gil de Hontañón, maginin Sifen na ƙarni na 16 da ya yi aiki a Salamanca da Segovia, ya bayyana shi. A kafa dandamalin katako a tsayin da gindin ya ƙare, a sake zana taswirar rufin a kansa. Duk inda haƙarƙari za su haɗu a kafa gungume mai tsayin da aka ɗauko daga zane, a ɗora dutsen mahaɗa a kai, a gwada da igiya mai nauyi a baki a tabbatar yana saitin alamarsa. Tsakanin gungumen a sa makari, a jera duwatsu, a cike.

Da Ingilawa suka gane cewa taswira da tsayin mahaɗai su ne komai, sai suka shiga wasa. A Lincoln, bayan girgizar ƙasa ta 1185, an fara sabon gini a 1192 da rufin da haƙarƙarinsa ba sa haɗuwa a tsakiya, na dama ya zarce gaba, na hagu ya koma baya. Har yau mahaukacin rufi ake ce masa. A Exeter haƙarƙari da yawa suna buɗewa daga kowane ginshiƙi, rufin ya miƙe kusan mita 96 babu yankewa. A Wells, cikin shekarun 1330, aka saƙa gajerun haƙarƙari tsakanin dogayen har rufin ya zama raga. Ƙarshen wannan hanya shi ne ɗakin ibada na King's College a Cambridge, wanda John Wastell ya rufe daga 1512 zuwa 1515, inda haƙarƙari da cikewa sukan fito daga dutse ɗaya. Mai kallo zai zaci kowane sabon salo ya bukaci sabon ilimi. Matakan nan ne dai, ana maimaita su sau da yawa.

Willis da tsani da igiyar awo ya yi aikinsa, rufin kuwa yana can sama. A 'yan shekarun nan wasu masana a Jami'ar Liverpool, Alexandrina Buchanan da Nicholas Webb da James Hillson, sun ɗauki na'urar leza zuwa Wells da Exeter da Lincoln da Norwich da wasu wurare. Na'urar tana harba haske ta auna miliyoyin ɗigo a jikin dutse, kuskurenta 'yan milimita. Daga ɗigon suke bin kowane haƙarƙari a kwamfuta, su nemi da'irar da ta dace da shi, su ga ina ƙusar ta zauna, nawa ne tsawon igiyar, sannan su gwada sake zana shi da kamfas kaɗai. Sun tattara sakamakon a littafi a 2021. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne, sassan da ido ke gani iri ɗaya sau da yawa ba da hanya ɗaya aka zana su ba. Bango ya ɗan karkace, ko tsohon tushe ya hana sashe zama daidai, sai magini ya ɗauki awon wurin yadda yake, ya bi matakansa a kai, ya matsar da ƙusa. Tsarin matakai ya fi tsayayyen adadi jure wa irin wannan, domin yana karɓar kowane fili aka ba shi.

Sai dai ina da gargaɗi ga ɗalibai a nan. Wanda ya ɗora da'irori da murabba'ai masu yawa a kan taswirar kowane gini, dole wasu su dace. An cika littattafai da irin wannan, ana danganta wa magina asirai da ba su san da su ba. Zanen da za a yarda da shi shi ne wanda ya dace da awo na gaske, ana iya yin sa da kayan aikin lokacin, kuma matakansa kaɗan ne. Dutse kuma yana motsi cikin shekara ɗari bakwai, dole a cire wannan daga lissafi.

Saura babbar tambaya. Zane ya ba da siffa, amma me ya sa rufin bai faɗo ba, alhali ba wanda ya lissafa nauyi? A 1675 Robert Hooke ya rubuta cewa siffar da sarƙa take yi idan an rataye ta, in aka kifa ta, ita ce siffar bakan da zai tsaya. Jacques Heyman na Cambridge ya gina bayani a kan wannan a 1966. Dutse ba ya jure ja, amma yana jure danniya ƙwarai, nauyin da ke kan duwatsun majami'a kuma ƙanƙani ne a kan abin da zai murƙushe su. Saboda haka ƙarfin dutse ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne ko hanyar da nauyi ke bi zuwa ƙasa tana cikin kaurin dutsen. Wannan kuwa magana ce ta siffa da gwargwado. Bakan da ya tsaya a ƙarami zai tsaya idan aka ninka kowane awonsa. Ashe ƙa'idojin magina na kaza bisa kaza su ne irin ƙa'idar da gini na dutse yake bukata. Ga misali ɗaya da aka buga a ƙarni na 17 amma ya girmi haka: raba bakan gida uku daidai, ja layi daga alamar farko zuwa ƙafarsa, zarce da shi gwargwadon tsawonsa, inda ya tsaya nan ne bakin madogari. A rabin da'ira yana ba da rubu'in faɗin bakan. A baka mai tsini yana ba da ƙasa da haka, kuma gaskiya ne mai tsini bai kai wancan tura bango ba.

Ba kullum suke dacewa ba. Beauvais ta kai rufinta mita 48, a 1284 wani ɓangare ya rufto, aka sake ginawa da ƙarin ginshiƙai. Hasumiyar da aka ɗora daga baya ta faɗi a 1573, babban zauren kuwa ba a taɓa gina shi ba. A Milan, inda aka fara gini a 1386, an yi shekaru ana jayayya ko tsayin zai bi murabba'i ko alwatika. A 1391 aka kira masanin lissafi, Gabriele Stornaloco, domin faɗin kamu 96 na awon garin yana ba da alwatika mai tsayin 83 da 'yan kai, adadin da sandar awo ba ta da shi. Ya mayar da shi 84, hawa shida na 14. Jean Mignot da ya zo daga Paris a 1399 ya ce ginin zai faɗi, 'yan gari suka ƙi saurarensa. Yana nan tsaye.

Zan ƙare da gida, domin akwai dangantaka ta gaskiya. Mu ma muna da rufin haƙarƙari. Bakan gizo da ɗaurin guga na maginan Hausa suna raba rufi kamar yadda na bayyana, ko da yake aikinsu ya bambanta: azara ake kafawa hawa-hawa daga bango, kowane kafi ya zarce na ƙasansa, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa, ba makari, azarar kuma tana jure ja, abin da dutse ba ya yi. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu shi ne ƙololuwar wannan fasaha, masallacin Yaama na Falke Barmu a jihar Tawa kuma ya ci lambar Aga Khan a 1986. Zbigniew Dmochowski ya auna da yawa daga gine-ginenmu da hannu, muna cin moriyar aikinsa. Lokacin da Notre-Dame ta Paris ta ƙone ranar 15 ga Afrilun 2019, akwai awon leza da Andrew Tallon ya yi mata tun kafin nan, ɗigo fiye da biliyan ɗaya, aka sake buɗe ta a Disambar 2024. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu.

Roƙona ga sassan nazarin gine-gine na jami'o'inmu da hukumomin adana kayan tarihi da masarautu shi ne a auna soraye da zaurukan da suka rage a Kano da Zariya da Katsina da Daura da Damagaram da irin wannan na'ura. Kuma muna da abin da Willis bai samu ba: magina masu wannan ilimi suna raye, ana iya zama a gabansu a tambaye su daga ina suke fara awo, da me suke yanke tsayin kafi. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ga shi nan.